Shin Shata Ya Taɓa Yin Albam? Fashin Baƙi Kan Kaset, Memori da Kundin Waƙa

Gardamar ta tashi ne a shagon cajin waya na bakin tasharmu, wata Lahadi da la'asar sakaliya, mutane na dawowa daga cin kasuwar Gujungu. Wani yaro ya miƙa wayarsa ya ce a tura masa sabon albam ɗin wani mawaƙin soyayya da ya fito a ƙarshen shekara. Kawuna, da ya zo karɓar tocilarsa daga caji, ya dube shi ya ce, "Kai ɗan nan, wai mene ne albam ɗin nan da kuka ishe mu da shi? Shata ya fi shekara hamsin yana waƙa, ban taɓa jin an ce ya saki albam ba."

Yaron ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, ai kaset ɗin da kuke ji da, shi ne albam. Suna ne kawai ya canza."

Kawu ya ce atafau ba haka ba ne. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira magariba. Irin wannan musu ake yi a Facebook duk lokacin da wani mawaƙi ya sanar da sabon kundi: manya su ce yayi ne na banza, yara su ce tsofaffi ba su waye ba. Ni kuwa da na zauna na auna, sai na ga kowannensu ya riƙo wani gefe na gaskiya ya saki wani.

Daga ina kalmar ta fito?

Albam asalinsa sunan mazubi ne, ba sunan waƙa ba. Faifan garmaho na farko, mai juyi 78 a minti ɗaya, minti uku ne ko huɗu kowane gefe yake ɗauka. Idan kiɗa ya yi tsawo sai kamfani ya raba shi a faifai uku ko huɗu, ya zuba su a wani littafi mai aljihuna irin wanda ake adana hotuna. Sunan wannan littafin hotunan ne ya bi waƙa har yau.

A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai juyi a hankali, wanda kowane gefe ke cin minti ashirin da 'yan kai. Daga nan mawaƙan can suka fara tunanin waƙa goma ko sha biyu a matsayin aiki guda: wacce za ta buɗe, wacce za ta rufe gefen farko, wacce za a yi sallama da ita. A 1963 kamfanin Philips ya kawo kaset. Mai lamba 60 minti talatin-talatin ne kowane gefe, mai lamba 90 kuma arba'in da biyar. Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, yana ɗaukar sama da minti saba'in ba juyawa.

Yau manhajojin sauraron waƙa suna da ma'auninsu. Waƙa ɗaya zuwa uku singul ce. Huɗu zuwa shida, idan ba su kai rabin awa ba, ana ce musu EP. Bakwai zuwa sama, ko abin da ya haura rabin awa, shi ne albam. Da Hausa "kundi" muka fi cewa, kuma kalmar ta zauna daidai, domin kundi tun asali ƙunshin takardu ne da malami ke ɗaurewa ya sa a gafaka. Masu rubutacciyar waƙa kuma suna da "diwani" tun tuni.

To a nan yaron ya yi gaskiya: kaset mazubi ne, albam mazubi ne. Inda ya kuskure shi ne waye ya zuba, kuma da wace niyya.

Waƙar baka ba a mazubi aka haife ta ba

Makaɗin Hausa na dauri ba ya tashi da niyyar cika minti arba'in da biyar. Taro ne ke haifar da waƙarsa: naɗin sarauta, hawan salla, biki, suna, dambe, gayyar noma. Tsawon waƙar yana hannun taron. In ubangida ya ji daɗi ya yi kyauta, sanƙira ya shelanta, sai a ƙara ɗiya, wato baitoci, a waƙar. In wani attajiri ya shigo fili ana tsakiyar kiɗa, sai a jefa sunansa. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya ta Alhaji Mamman Shata a ɗauka uku, amshi ɗaya, amma ɗiyan sun bambanta, wata minti takwas wata minti ashirin. Haka abin yake ga Musa Ɗanƙwairo da sauran makaɗan fada, haka ga Barmani Choge da matan amada a gidan biki.

Ba wai ba su shiga sitidiyo ba. Kamfanin EMI ya buga faya-fayan Shata da na Ɗan Maraya Jos, da hoto da jerin suna a bango, kuma ta fuskar kasuwa waɗannan albam ne ba musu. Amma mafi yawan abin da ya iso kunnen mutumin ƙauye ba ta wannan hanya ya zo ba. Ta rediyo ya zo, musamman Rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962 da kuma Rediyon Kano, a filayen zaɓi-sonka. Sannan ta hannun masu sayar da kaset a kasuwannin mako, waɗanda ke sarowa daga Ƙofar Wambai ko Bata a Kano, ko kuma su da kansu su haɗa rikoda biyu su kwafa.

Ma'ana, abin da kawu ke kira "kaset ɗin Shata" sau da yawa ba Shata ne ya tsara shi ba. Wani ɗan kasuwa ne ya ɗauko waƙa daga nan, ya ɗauko daga can, ya jera su yadda za su cika zare. Shata ya rasu a 1999, kuma har yau ana fito da "sababbin" jerin waƙoƙinsa da bai taɓa sanin an haɗa ba.

Kaset ɗin da na fi so, da abin da ya koya mini

Nawa gwanin kaset ba na Shata ba ne. Na Haruna Uji ne, mai gurmi, mutumin Haɗeja. Mahaifina ya sayo shi a Gujungu wata shekara bayan an sayar da gyaɗa, ni ina ɗan aji huɗu a firamare. Ba hoto a jikinsa. Farar takarda ce aka liƙa, aka rubuta sunan da jan biro, har ma an yi kuskure a rubutun an soke an gyara.

Rikodarmu mai batir shida ce, kuma batir ba abin wasa ba ne a gidanmu. In ya yi sanyi sai a shanya shi a rana kan dangar gida, a samu na dare ɗaya. Don haka an kafa doka: ba a mayar da kaset baya da inji. Biro ake zurawa a ramin, a yi ta juyawa da hannu. Aikina ke nan. Wannan doka ita ta sa ba mu taɓa tsallake waƙa ba. Abin da ya zo shi za a ji, daga farko har inji ya yi "ƙas", a juya.

Bayan sallar isha'i Baba zai shimfiɗa buzu a ƙofar turakarsa, ya ajiye rikodar kusa da fitilar ƙwai. Inna tana daga can bakin murhu tana kankare tukunyar tuwo, tana yi kamar ba ta sauraro, amma in aka zo wata waƙa ta uku a gefen farko sai ka ji kankarar ta tsaya. Gurmi ba shi da hayaniya. 'Yar ƙwarya ce da fata da sanda da tsirkiya, amma a hannun mutumin nan sai ka rantse magana take yi. Zai yi ɗa ɗaya na waƙa, ya yi shiru, ya bar tsirkiyar ta ba shi amsa. Wannan ratar tsakanin murya da kiɗa ita ce ta kama ni tun ban san mene ne so ba balle in gane abin da ake faɗa.

Gefen farko duk waƙoƙin mata ne da bege. Gefe na biyu ya fi nauyi, an sassauta kiɗan, kamar dare ya raba. Waƙar ƙarshe kuwa ba ta ƙare ba. Zaren ya ƙare ana tsakiyar ɗa, kalmar ma rabinta ta fito. Na fi shekara goma ina zaton haka waƙar take. Sai da na girma na ji cikakkiyarta a rediyo a wata motar haya tsakanin Ringim da Kano, wallahi sai na ji kamar an yi mata ƙari, kamar baƙo ya shigo ɗaki ba sallama.

Akwai wuri guda kuma, a tsakiyar gefe na biyu, inda rikodar ta taɓa cinye zare. Yayata ta yanke inda ya tauye da reza, ta haɗa da jan farce. Daga ranar kalma huɗu ko biyar suka ɓace a wurin, kiɗan ya yi ɗan tsalle. Har yau in na rera waƙar a gona, da tsallen nake rera ta.

Abin da nake so a gane shi ne: Haruna Uji bai san da wannan jerin ba. Wanda ya jera shi wataƙila lissafin minti kawai yake yi. Amma maimaici, da ƙarancin batir, da zaman dare da iyaye, su suka mayar da shi aiki guda a kunnena, ta yadda in waƙa ta biyu ta kusa ƙarewa, ta ukun ta riga ta fara a raina. A ƙauye mai sauraro ne ke yin albam, ba mawaƙi ba. Abin da kawu ke karewa ke nan a shagon caji, bai dai samu kalmar faɗinsa ba.

Yadda memori ya kwance ƙunshin

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma ba ita ta kashe kaset nan take ba. Faifan CD ne ya fara ture shi, a zamanin da waƙoƙin finafinan Hausa da kiɗan fiyano suka cika gari. Wannan ne ma lokacin da albam na gaskiya ya kafu a waƙar Hausa ta zamani: mawaƙi ya shiga sitidiyo, ya yi waƙa goma ko fiye, ya laƙaba wa kundin suna, a buga fosta, 'yan kasuwa su saya su rarraba. Mawaƙa irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa ta wannan hanya kundayensu suka karaɗe Arewa.

Sai ƙananan wayoyi masu cin memori suka zo, tare da sana'ar turi. Yanzu a kowace kasuwar mako, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Ɗambatta ranar Lahadi, za ka ga saurayi da kwamfuta a kan tebur da janareta ko sola yana cika wa mutane memori. Da kuɗi kaɗan za a zuba maka waƙa ɗari biyu, da wa'azi, da fim, da karatun Alƙur'ani, duk a kati ɗaya da bai kai farcen babban yatsa ba. Daga nan kuma waya ta tura wa waya ta Bluetooth ko Xender, kyauta.

Illar farko, jeri ya tarwatse. Waya tana jera waƙa ne bisa harafin farko na sunan fayil, ko ta yi ta tsinto su barkatai. Mawaƙi ya ɓata dare yana tunanin wacce za ta bi wacce, mai turi ya zaɓi uku da suka fi tashe ya watsar da sauran. Ta biyu, suna ya rikice. Na ga waƙar Ɗan Anace an rubuta mata sunan Ɗanƙwairo, na ga waƙar kukuma an ce ta Ɗan Maraya ce, alhali shi kuntigi yake kaɗawa. Ta uku, tsallake waƙa ya zama kyauta. Yatsa ɗaya ne. Waƙar da ba ta kama ka a sakan goma na farko ba, ta tafi ke nan. Mawaƙa sun gane haka, shi ya sa yanzu amshi ke zuwa da wuri, waƙa ta gajarce, wani ma don yankin da za a hau a TikTok kawai yake yin ta.

Wa ke ci, wa ke tashi a tutar babu?

Nan ne maganar ta shafi aljihu. Mai turi yana cin abincinsa, kuma ba na ganin laifinsa sosai, don shi ne gidan rediyon wanda ba shi da kuɗin data. Amma ko sisi ba ya isa ga mawaƙi daga wannan cinikin. A doka kuwa haƙƙin mallaka yana nan. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bar wa mai waƙa haƙƙinsa tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, ɗaukar sauti kuma shekara 50. Wato magadan Shata da na Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, suna da haƙƙi a kan abin da ake turawa. Sai dai wa zai bi kasuwa-kasuwa yana ƙirga memori?

Hanyar da ta rage ita ce intanet: YouTube, Audiomack, Boomplay, da Spotify wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2021. A YouTube sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ta fara cin kuɗin talla, sannan mai tasha ya ɗauki kashi 55 cikin ɗari. Kuma kallon da aka yi daga Nijeriya bai kai na Amurka ko Ingila daraja ba, saboda farashin talla a nan ƙasa yake. Mawaƙin da masoyansa ke Taura da Garki da Babura, suna jin sa dare da rana a memori, a idon manhaja kamar ba shi da kowa.

To me zai ci? Sai ya koma inda kakanninsa suka ci: biki, liƙi, da ubangida. Waƙar amarya da ango, waƙar mai kuɗi, waƙar ɗan siyasa. Abin dariyar shi ne, masu zagin mawaƙan yanzu da roƙo sun manta cewa da yawa daga manyan waƙoƙin da muke taƙama da su na yabon sarki ne ko attajiri ko direba. Fasaha ta zagaya ta dawo da mawaƙi ƙofar gidan mai kyauta. Albam a yau, ga mawaƙa da yawa, ba haja ba ce. Talla ce da ke nuna yana nan da ransa, don a kira shi wasa.

"Waƙar da ta fi ma'ana"

Wannan ita ce maganar da ke ƙarƙashin duk gardamar, kuma ina da ra'ayi a kanta. Gaskiya ne Hausar tsofaffin makaɗa ta fi kauri: karin magana, habaici, zambo, kirari, sanin nasaba da tarihin gari. Mutumin da ya tashi a fada ko a bayan ubansa yana amshi shekara ashirin kafin ya ja waƙa, ba za ka haɗa shi da wanda ya koyi fiyano bara ba.

Amma a yi adalci. Abin da ya iso mu na dauri, zamani ya riga ya sheƙe shi ya fitar da ƙaiƙayi. Makaɗa nawa aka yi a ƙasar Haɗeja da Gumel da Kazaure da ba wanda ke tuna su? Muna gwada tsabar da da buhun yanzu da ba a sheƙe ba. Sannan wanda ya ji waƙa sau ɗari uku a gaban mahaifinsa dole ya tsinci ma'anar da mai tsallakewa da yatsa ba zai gani ba, ko da waƙoƙin biyu nauyinsu ɗaya.

Akwai ɓangare na uku da ba ya shiga wannan musu ko kaɗan: waɗanda ke ganin kiɗa gaba ɗaya abin gudu ne. Saɓanin malamai a kan haka tsoho ne, ba kuma hurumina ba ne. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001, wadda ikonta ya shafi mawaƙa, amma memori da intanet ba sa bi ta ofis.

Abin da ya rage a hannun mutumin ƙauye

Riba a bayyane take. Matar aure da ke cikin kulle tana da waƙoƙin da ranta ke so a 'yar wayarta, ba sai ta jira maigida ya kunna rikoda ba. Makiyayi a daji yana rataye da 'yar MP ɗinsa. Yaro ɗan shekara sha biyar zai iya jin Narambaɗa in ya so, abin da a da sai ka yi sa'ar rediyo.

Asarar kuwa a ɓoye take tafiya. Memori yana mutuwa ba sanarwa, ya tafi da komai. Kaset yana mutuwa a hankali, zafi da ƙura da damshin damina suna cin sa. Manyan makaɗa sun samu masu adana su, malaman jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuce waƙoƙin baka da dama, gidajen rediyo suna da rumbunsu. Amma makaɗin gangar noma na ƙauyenku, da zabiyar da ta yi wasa a bikin innarka, da mai kukumar da aka ɗauka da rikoda a dandali, in akwai muryarsu a duniya to tana cikin wata tsohuwar adaka a ɗakin wata tsohuwa. Mayar da kaset cikin kwamfuta ba wani aiki ne mai wuya ba: rikoda mai lafiya, da igiyar haɗi mai kai biyu, da haƙurin zama minti casa'in. Masu turin nan da kansu za su iya, in aka biya su.

Nawa kaset ɗin na kai wa yaron da ke turi a shagon cajin makon da ya wuce, bayan na aro rikoda a wurin wani mai gyaran rediyo a Ringim. Da muka zo ƙarshen gefe na biyu, waƙar ta yanke a inda ta saba yankewa. Ya ce, "Yaya, ai ina da cikakkiyarta a kwamfuta, bari in sauya maka da ita, in kuma rarraba su ɗaya-ɗaya."

Na ce a'a, ya bar mini shi fayil biyu, gefen farko da gefe na biyu, da tsallen jan farcen da komai. Ya dube ni ya yi dariya, ya tambaye ni sunan da zai rubuta. Kawu na zaune a benci yana jiran tocilarsa, ya ce a tura masa shi ma.